Katifa Ruwa-Biyu

Tambayar farko da Misbahu ya yi wa Radiyya, da a bakin titi ya yi ta, da sai an ƙwace shi daga hannun samarin unguwa.

"Yaya kike kwanciya?"

Radiyya ta janye hannu daga katifar da take dannawa, ta gyara mayafinta, ta dube shi daga sama har ƙasa. Babu abin kallo da yawa. Dogo ne siriri, idanunsa sun faɗa kamar na mai jinya.

"Malam, shagon katifa na shigo, ba asibiti ba."

"Yi haƙuri, Malama. Nufina rigingine, ko rubda ciki, ko ta gefe? Katifa kamar takalmi ce, na wani ba ya yi wa wani."

Ta kalli titi.

"Ta gefe. Gefen dama."

"To wannan da kika taɓa ita ce taki. 'Yan boko suna ce mata haibirid, ni ruwa-biyu nake kiranta. Ƙasanta sifirin ne, kowanne a cikin aljihunsa, samanta soso mai laushi. Kafaɗarki da ƙugunki su nutse, sifirin ya tare saura. Iska tana ratsa cikinta, ko zafin Haɗeja ya tashi ba za ki farka a jiƙe ba. Mai rubda ciki dai ban cika ba shi ita ba, shi mai tauri ce tasa."

"Kai wacce kake kwana a kai?"

Misbahu ya waiwayi lungun shagon, inda wata tabarma take naɗe a jingine.

"Waccan."

Dariyar da ta yi ita ce ta farko da aka yi a shagon tun da aka buɗe shi. Ba ta sayi ruwa-biyu ba, albashin malamar firamare bai kai inda sifirin yake ba. Matashi ɗaya ta saya, ta tafi da shi a leda mai ɗauke da lambar wayar shagon.

Radiyya ita ce auta a gidan Alhaji Baƙo, dillalin busasshen kifi. Yayyenta mata duk sun yi aure, kowace ta fita da gadonta da katifarta, aka bar ta ita kaɗai a ɗakin da a da sai an yi faɗa kafin a sami wurin miƙe ƙafa. Katifar da ta gada tana da rami a tsakiya daidai siffar babbar yayarta. Kullum a cikin ramin wata take kwana.

Shi kuwa Misbahu ɗan wani ƙauye ne a bakin kogi. Shekarar babbar ambaliya yana kan gado yana sharar barci ruwa ya shigo, bai ji ba sai da takalmansa suka fara yawo a ɗaki. Gidan ya narke kamar fura a nono. Mahaifiyarsa ta koma Birniwa wajen ƙaninta, 'yan'uwa suka watse, shi ya shigo gari. Tun daga ranar ba ya iya runtsawa sai tafin hannunsa yana taɓa ƙasa. Saboda haka yake kwana a tabarma, katifu sababbi fil suna tsaye a kansa cikin leda kamar masu ta'aziyya.

Saƙonta na farko washegari da la'asar ya shigo.

"Sarkin barci, matashinka ya yi. Wuyana ya daina ciwo. Saura sauran jiki."

Ya karanta, ya sake karantawa, ya sallami wani mai ciniki ba tare da ya ji abin da ya taya ba.

"Malamata, sauran jiki ma Allah zai kawo lokacinsa."

"Wa ya ce maka ni taka ce?"

"Yatsana ne ya zame."

"To kar ka gyara."

Haka aka fara. Soyayya dai ba ta buƙatar jari mai yawa, mutum biyu da ba mai tambayarsu yadda suka kwana sun isa. Bayan wasu makonni yana zuwa zance ƙofar gidansu, ya tsaya a zaure da hula a karkace, ya ba ta labarin ambaliya yana dariya, ita kuma ta ƙi tayawa.

"Ka daina yi wa abin dariya," in ji ta. "Ba ka warke ba."

"In kina nan ina jin kamar na warke."

"Ni ba magani ba ce, Misbahu. Amma zan zauna kusa da majinyaci."

Mahaifiyarta Hajo ba ta ga abin sha'awa ba.

"Mai sayar da katifa yana kwana a tabarma?" ta ce tana tankaɗe. "Ko dai kayansa ba su da kyau, ko kansa ba shi da kyau. Ba gida, ba dangi a gari. In kin haihu a ina za a yi suna, a kan kanta?"

"Inna, zai kama haya."

"Ga Abdulganiyyu nan, mai injin casar shinkafa, gida ginin siminti, mota tana numfashi a ƙofa. Shi me ya yi miki?"

Abdulganiyyu bai yi mata komai ba, wannan ita ce matsalarsa. Ƙato ne mai kirki, in ya zo zance sai ya yi bayanin farashin shanshera har a kira isha'i. Duk unguwa ta san yana nema, har Misbahu, wanda ya taɓa ganin motarsa a ƙofar gidan ya wuce kamar mai neman wani layi.

Alhaji Baƙo kuwa mutum ne mai tumbi da ƙarancin magana, wanda yake auna mutane kamar yadda yake auna kwandon kifi, da ido, ba tare da ya taɓa ba.

Wata Talata da hantsi sai ga shi a ƙofar shago. Misbahu ya zube har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yauwa. Katifa nake so. Shida da shida."

A ƙasar nan, uban budurwa ba ya shiga shago ya nemi shida da shida don nishaɗi. Gado da katifar amarya a wuyan uba suke, kowa ya sani. Misbahu ya ji kamar ruwan nan ya sake shigowa ɗaki.

"Ta wa ce, Baba? Don in san wacce za ta dace."

Alhaji ya kalli silin. Dattijo ba ya tsayawa gaban saurayin 'yarsa ya yi bayanin shimfiɗarsa.

"Wani mutum ne," ya ce. "Mai jiki. Rigingine yake kwana, yana yawan juyi. Matar kuma ba ta da nauyi, motsi kaɗan ta farka."

Yana faɗin haka tumbinsa yana gaban Misbahu, ya kusa taɓa kanta. Amma mai kishi ba ya ganin abin da ke gabansa, sai abin da ke cikin kansa. Misbahu Abdulganiyyu kawai ya gani.

A bayan shagon akwai wata lafceciyar katifar soso zalla, mai kyan riga, wadda ƙato zai mayar kwale-kwale kafin damina ta zagayo. Misbahu ya dube ta, Shaiɗan ma ya taya shi duba. Sai ya tuna cewa in rami ya faɗa, mara nauyin ce za ta riƙa gangarawa ciki.

"Ruwa-biyu za a ba su, Baba," ya ce da murya kamar ta aro. "Mai ɗan tauri, don ta ɗauki bayansa. Kowane sifirin zaman kansa yake, in ya juya ba za ta ji ba. Sai dai a ƙara kaurin soso a sama, saboda ita ta gefe take kwanciya. Gefen dama."

Alhaji ya sauko da idonsa daga silin a hankali.

"Wa ya gaya maka?"

"Ita da bakinta, Baba."

"Ita?"

"Ranar da ta fara zuwa nan."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tambayi yaushe za ta iso, aka ce sai an ɗauko daga Kano, ya fita ba sallama.

Da yamma saƙonta ya shigo.

"Sarkin barci, yau shiru. Ciniki ne ya yi yawa?"

Bai amsa ba. Washegari wani ya biyo.

"Misbahu, lafiya? Ko na yi laifi ne?"

Ya rubuta, ya goge, a ƙarshe ya tura: "Allah ya sanya alheri. Na zaɓa miki mai kyau. Ba za ki ji motsinsa ba."

A can gida kuwa Alhaji ya riga ya tsare Hajo a tsakar gida yana tambayarta yaushe ta fara zuwa shagunan samari tana ba da labarin haƙarƙarinta. Hajo ta saki muciya tana salati. Radiyya da ke wanke-wanke ta saurara, ta haɗa wannan da wancan, ta yi wa iyayenta bayani kanta a ƙasa. Alhaji ya yi dariya har da tari. Ita ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin ramin yayarta, ta karanta saƙon nan har ta haddace.

Amsa ɗaya ta ba shi: "In ta iso, ka kawo da kanka."

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya nemi wani. Misbahu yana buɗe shago, yana tambayar mutane yadda suke kwanciya, yana rufewa. Ya gano cewa kaɗaicin da ya saba da shi a da mai sauƙi ne, don a lokacin bai san da wani iri ba.

Ranar da katifar ta iso, ya ɗora ta a 'yar ƙurƙura, shi da direban suka kinkime ta zuwa zaure, don ruwa-biyu ba ta naɗuwa kuma nauyinta ba na wasa ba ne. Radiyya tana tsaye a tsakar gida, fuska ba yabo ba fallasa.

"Ina za a ajiye kafin ranar jere?" ya tambaya yana kallon ƙasa.

"Nan," ta nuna turakar Alhaji.

Suka shiga. Ga tsohuwar katifa a jingine da bango, da wani ƙaton rami a gefe ɗaya. Misbahu ya kalli ramin. Ya kalli Alhaji da ke zaune a kan darduma da carbi, da tumbinsa. A karo na farko ya auna su tare.

Ya fito zaure. Radiyya ta biyo shi.

"Malamata..."

"Yatsanka ne ya sake zamewa?"

"Na ɗauka..."

"Na san abin da ka ɗauka. Ka naɗe ni a leda ka miƙa wa wani, ko tambaya babu. Kai da kake tambayar baƙi yadda suke kwanciya, ni ba ka iya tambayata wa nake so ba?"

"Na saba abu yana tafiya ina barci, Radiyya. Na ga kamar wannan ma ya riga ya tafi."

Idonta ya ciko, ta hana shi zuba.

"To yanzu idonka biyu. Tambaye ni."

"Wa kike so?"

"Wani mutum ne," ta ce. "Ba shi da jiki. Ba shi da wayo kuma."

Hajo ta kwana uku a kan ruwa-biyu kafin ta sake buɗe zancen. Alhaji yana juyinsa kamar jirgi a gulbi, ita ba ta sani ba sai asuba. Barci yana gyara ra'ayi fiye da wa'azi.

"Yaron nan wawa ne," ta ce wa mijinta. "Yana zaton wani zai kwashe ta, amma ya tsaya yana lissafin kafaɗarta."

"Shi ya sa ya kwanta mini a rai," in ji Alhaji.

"Amma sai ya kama gida," in ji Hajo, "kawunsa kuma ya zo daga Birniwa. Ba zan ba da 'ya ga tabarma ba."

Abdulganiyyu ya karɓi labarin da dattaku, ya aiko da buhun shinkafa gudummawa, wanda wasu suka ce alheri ne, wasu suka ce talla.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Alhaji ya sake komawa shagon ya sayi shida da shida ta biyu, wannan karon bai kalli silin ba. Yayyen amarya suka yi jere, suka kafa gado mai tsayi da madubi, suka ɗora katifa, suka yi guɗa, suka watse.

Kwana biyu ango yana hawa gadon nan kamar mai hawa katanga, ya kwanta idonsa a buɗe, hannunsa yana lilo a iska bai kai ƙasa ba. A rana ta uku da ya dawo cin abincin azahar, ya tarar da gadon tsirara, katifar tana shimfiɗe a kan siminti, amarya tana haki.

"Radiyya! In yayyenki suka gani fa?"

"Su zo su kwana a gadon. Gwada mu gani, hannunka yana kaiwa?"

Ya kwanta a bakin katifar, ya sauke hannu. Tafinsa ya taɓa siminti, busasshe, mai sanyi.

"Yana kaiwa."

Ta kwanta ta gefen dama tana fuskantarsa, ta kama ɗaya hannun. A waje ana ta hayaniyar adaidaita, rana tana dukan kwano. Kafin ta gama ba shi labarin yadda ta ja katifar ita kaɗai, numfashinsa ya sauya.

Ta ɗaga kai ta leƙa. Hannun da ke ƙasa ya riga ya hau katifa, yana neman nata.

Ba a buɗe shago da la'asar ba ranar. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya tsare su daga ruwan da ba su gani ba.