Damina Ta Wuce, Thawin Bai Fito Ba

"Lamyai, ba sai kin ɗauki filon nan ba."

Na ɗago na dube shi. Ana gobe za a aske masa kai ya shiga zuhudu, muna zaune a inuwar ƙarƙashin gidansu da aka gina a kan dirkoki, ina rungume da filon da na yi sati biyu ina yi wa ado da zare.

"Yaya Thawin, maimaita in ji!"

"Na ce ko ƙanwata za ta iya riƙewa..."

"Ƙanwarka za ka aura? Ko wata ka ajiye a birni ban sani ba?"

"Haba, masoyiyata. Ke ma kin san babu kowa."

"To, me ya kawo maganar?"

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa.

A garinmu duk ɗan kirki yakan shiga zuhudu na wata uku na damina kafin ya yi aure, don uwarsa ta samu lada. Ranar rakiya zuwa gidan ibada uwa ce ke ɗaukar tufar zuhudun, wadda ta riƙe filo kuwa gari ya gama sanin ita ce amarya. Shekara huɗu ina jiran wannan rana, sai yanzu za a ce in ba wata? Ni da nake daka gwanda da barkono ina sayarwa a bakin kasuwa, kowa ya san bakina ya fi barkonon zafi.

Washegari na ɗauki abina, na yi gaba ana kiɗa, ƙawayena suna ta yi min guɗa. Ban fahimci gargaɗi yake yi min ba sai daga baya.

Tun rasuwar babansa Thawin ya canza. Yana aiki a masana'antar motoci a birni aka kira shi, ko gaisawar ƙarshe ba su yi ba. Bayan an ƙone gawar, kamar yadda al'adarmu take, aka miƙo masa tokar a ɗan tulu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce min, "Shekara sittin yana noma, Lamyai... iyakarsa ke nan?" Daga ranar ya daina cin abincin kirki, ya daina dariya. Na yi lallashi, na yi masifa, na yi kuka, duk a banza.

Damina ta wuce. Samarin da suka shiga tare da shi duk suka fito, gashi ya fara tsiro musu. Thawin bai fito ba.

A kasuwa aka fara yi min kallon tausayi, abin da na fi tsana a rayuwata.

Wata safiya mahaifiyarsa, Inna Kampun, ta zo rumfata da leda a hannu. Rigarsa ce da wandonsa, a goge.

"'Yata, ni na samu ladana, ya ishe ni. Shinkafa ta nuna, gida ba namiji. Ni ba zan iya ce wa mai tufar ibada ya tuɓe ba, zunubin ya fi ƙarfina. Amma ke... ke zai ji maganarki."

Na hau babur, tafiyar awa guda zuwa gidan ibadar daji inda aka tura shi. Duk hanya ina shirya kalaman da zan wanke shi da su.

Na same shi yana sharar ganye. Mace ba ta keɓewa da ɗan zuhudu, don haka wani tsoho cikinsu ya zauna gefe, ko minti biyar bai yi ba ya fara gyangyaɗi. Thawin ya zauna a kan dakali, ni a ƙasa, nesa da shi yadda ko gefen tufarsa ba zan taɓa ba.

"Kin rame," ya ce.

"Kai kuma ka yi ƙiba! Ashe abinci sau ɗaya a rana ya fi girkina daɗi!"

Sai ya yi dariya. Dariya sosai, har da riƙe ciki, irin wadda rabon da in ji ta tun babansa na da rai.

"Me ka samu a nan, Yaya? Gaya min gaskiya."

"Ban samu amsa ba tukuna. Amma a nan tambayar ba ta shaƙe ni." Ya dubi tsintsiyarsa. "A masana'anta kullum ina ɗaura ƙusa dubu, ban san motar wa ba ce. Makon jiya aka kai ni wurin wani tsoho da ke gargarar mutuwa, yana ta jin tsoro. Na zauna ina yi masa karatu har ya saki jikinsa, ya tafi cikin natsuwa. Ranar na ji kamar ba a banza aka haife ni ba."

"Ni fa? A banza na jira?"

Idanunsa suka kawo ruwa.

"Na ɗaukar miki alkawari, Lamyai, kuma ina sonki har gobe. In kin ce in fito, yau ɗin nan zan je wurin babban malaminmu in ajiye tufar. Ba zan taɓa goranta miki ba."

Na san ba ƙarya yake yi ba. Kalma ɗaya ce tsakanina da shi, ga kayansa a kan cinyata. Zan samu mijina, Inna ta samu ɗanta, bakin 'yan kasuwa ya mutu. Amma na san wanda zan kai gida: mutumin nan mai zama ya zuba wa bango ido, abinci na hucewa a gabansa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba ni ce na warkar da shi ba. Na yi kishi, ban ma san da wa nake kishin ba.

Sai na gyara zama na durƙusa, na kai goshina ƙasa sau uku kamar yadda ake yi wa kowane ɗan zuhudu. Da na ɗago ya kau da fuskarsa, kafaɗunsa na rawa.

Sau biyu ina tsayar da babur a hanya saboda hawaye sun hana ni ganin gabana.

Inna Kampun tana wasa lauje a tsakar gida. Ta dubi bayana, ta dubi ledar da ke hannuna.

"Ya ƙi?"

"Bai ƙi ba, Inna. Ni ce ban tambaya ba."

"Ba ki tambaya ba?! Kin cuce ni, Lamyai! Kin cuci kanki! Me ya hana ki?"

"Inna... dariya na tarar yana yi."

Laujen ya suɓuce daga hannunta.

"Thawin ɗina? Dariya?"

"Har da riƙe ciki."

Ta zauna daɓas a kan matakala, ta karɓi ledar ta ƙanƙame a ƙirjinta. Can ta jawo ni jikinta.

"Zauna, 'yata. Gaya min abin da kika ce masa har ya yi dariyar... kada ki tsallake komai."