Birkin da Ke Cijewa a Kwanar Gada

Tun ranar da wani bakanike ya ɗaura wa babur ɗinsa wani babban faifan birki da ya tsinto wurin masu tsofaffin ƙarafa, birkin gaba ya ɗauki wata ɗabi'a. Ya canza man birki, ya fitar da iska, ya auna faifan bai ga lanƙwasa ba. Amma duk dare in ya taso daga gareji, da ya iso kwanar gada sai tayar gaba ta cije da kanta.

Yau ma haka. Ya sauka, ya haska tocila, ya tofa wa faifan yawu. Nan take yawun ya ƙone.

"Malam, kada ka wahalar da kanka, gyaranka lafiya lau yake."

Wani mutum ne tsugune a ɗaya gefen tayar, bakaniken kuwa bai ji takunsa ba. Mutumin ya ɗora tafin hagunsa kan ƙarfen mai zafi, ya bar shi a nan. Ko ƙauri bai tashi ba.

"Ka san faifan ne?" in ji bakaniken.

"Na babur ɗina ne. A kwanar nan na matsa birki, amma na makara." Ya ɗago hannun dama, yatsu biyu a lanƙwashe, sun sandare. "Har yanzu ban saki ba."

Yatsun suka ƙara lanƙwashewa. Can sama, inda ba wanda ya taɓa, mariƙin birkin ya ja baya a hankali.