Kwalbar Da Ba Ta Ƙara

Da safe Mai Lambu ya shiga gonar lemonsa ya tarar da ƙudan zumarsa zube ƙarƙashin bishiyoyi kamar an watsa baƙin gero. Amya takwas, ba mai motsi. Jiya-jiya aka yi feshi saboda ƙwarin da ke baƙanta ganye, kuma takardar jikin kwalbar maganin ta ce: "Ganyen darbejiya zalla. Ba ya taɓa zuma. Kwana uku cuta ta tafi."

Kafin hantsi an zaunar da Iya Mai Magani a bencin ofishin 'yan sanda, ita da ta shekara ashirin tana dafa maganin nan a bayan ɗakinta. Mai Lambu ya rantse sai an rufe ta, an fasa tukwanenta.

Sajan ce ta karɓi maganar. Matar nan ko mijinta ya ce mata an yi ruwa, sai ta leƙa waje. Ta jera kwalabe biyu da suka rage ba a buɗe ba, ta fara da mai feshi.

"Tankinka me ka zuba masa kafin jiya?"

"Sabo ne, ranki ya daɗe. Tsohon matata ta mai da shi na wanki."

Ta shinshina tankin, ta ji wani wari mai hawa kai. Ta yanka takardar kwalba ɗaya ta buɗe, warin nan dai. To, gubar tun a kwalba take, mai feshi ya fita.

Mai shagon da ya sayar da maganin kuwa tun kafin a tambaye shi yake gumi, abin da ya sa Sajan ta ƙara tsare shi da ido.

"Me kake ɓoyewa?"

"Wallahi mudu ne kawai nake ɗan dannawa. Kwalba ban taɓa ba. Duba, takardar ta bi ta kan murfi aka manna, in na buɗe sai ta yage."

Haka ne kuwa. Ɗayar kwalbar takardarta lafiya lau, ba yagewa, ba gam biyu. Saura Iya.

"Iya, kin ce kwana uku cuta ta tafi."

"Ni? 'Yar nan, darbejiya ba ta sauri. Mako biyu, feshi uku, shi ma in an yi haƙuri."

"Ga shi a rubuce."

"Ai ni da rubutu sai kallo. Mijin 'yata ke bugo takardun a shagonsa, ya manna, ya kai kasuwa. Yaron kirki, ko ruwa ba ya bari in ɗauka."

Sajan ta miƙa mata kwalbar da ba a buɗe ba. Iya ta karɓa, hannunta ya girgiza ta da kansa kamar yadda ya saba, ta kai kunne. Ta sake girgizawa. Sai ta ajiye ta a hankali, ta kau da kai.

"Me kika ji, Iya?"

"Ban ji komai ba."

Sajan ta dube ta, ta dubi kwalbar. Ta aika a kira surukin. Ya iso fes da shi, hula a karkace, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Iya.

"Kai ka rubuta kwana uku?"

"Salon talla ne, ranki ya daɗe. Mutane ba sa son jira."

"Iya, ina kike tsayar da magani in kina cikawa?"

Da ƙyar ta ɗaga yatsu uku. "Nan nake bari ƙasa da murfi. Man yana tasowa sama, in ba wuri ba ya girgizuwa."

Sajan ta ɗaga kwalbar saitin taga. Cike take har wuya.

"Mai feshi bai buɗe wannan ba. Mai shago bai yaga takarda ba. Iya ta bar yatsu uku, wani ya cike su kafin a manna takarda, kuma hannu ɗaya ne tsakanin tukunya da gam. Ka yi wa darbejiya alkawarin da ba za ta iya cikawa ba, sai ka nemo mata mai taimako. Kai da ba ka taɓa feshi ba, ka ga wuri a kwalba ka ɗauka rowa ce."

Surukin ya ce sharri ne. Aka je shagonsa, aka ɗaga tulin takardu a ƙarƙashin tebur, ga galan ɗin maganin ƙwari mai hoton ƙoƙon kai, ga mazurari kusa da shi, har yanzu da danshi.

"Iya, don kasuwarki ta buɗe na yi," in ji shi.

Iya ba ta dube shi ba. Ta gyara mayafinta, ta juya wajen Sajan.

"'Yar nan, karanta min takardar nan tun daga farko. A hankali. Shekara huɗu sunana na yawo a kanta, ban san me nake cewa ba."