Kwalaben Dakta Raudatu

Ana tsakiyar yankan gero aka kawo wa Insifekta Kamaruddeen rahoton sata a wani ƙaramin asibitin ƙauye, arewa da Tsanyawa. Kafin ya isa, jama'a sun riga sun gama shari'a. Sun zaunar da maigadi, Baba Ɗanliti, a gindin darbejiya, kamar shi kaɗai Allah Ya yi wa hannu a garin.

Mai ƙarar, Dakta Raudatu, 'yar bincike ce daga jami'a a Kano. Ta kai shi ɗakin aikinta. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, ga kwamfuta a kan tebur ba a taɓa ba.

"Me aka ɗauka?"

"Wasu 'yan kwalabe, daga firji."

"Magani ne?"

"Abin da ya tayar min da hankali ke nan, Yallaɓai. Ba magani ba ne tukuna. Ka san majinar ƙirji yauƙi gare ta, kamar miyar kuɓewa. Magani in ya shiga sai ya maƙale, tari ya fito da shi. Mu kuma muna haɗa ƙwayoyi ƙanana, ido ba ya ganinsu, mu yi musu riga mai santsi don su sulale ta cikin majinar. Nan gaba za a ɗora musu magani. Yanzu jan rini kawai suke ɗauke da shi, don mu ga inda suka kai a cikin kakin da masu tari suke kawo min."

"In mutum ya sha fa?"

"Ba don ciki aka yi su ba. Ban san abin da za su yi wa mara lafiya ba, kuma ba na so in sani."

Insifekta ya fita ya tsuguna gaban maigadi.

"Baba, jiya ka bar ƙofar nan?"

"Ko nan da can, ranka ya daɗe."

"To, wa ya yanka geron da na gani a ƙafarka?"

Tsohon ya dubi ƙaiƙayin da ya maƙale masa a wando, ya sunkuyar da kai.

"Gonar tana bayan katanga. Bayan La'asar na leƙa. Makullin na rataye a ƙusa, inda na saba. Masu kawo kaki duk sun san wurin."

Insifekta ya koma wajen Dakta.

"Cikin masu kawo kaki, wa ya fi yawan tambaya?"

"Malam Ja'afaru, mai makarantar allo. Na matarsa yake kawowa, Aina'u. Na ce ya kawo ta a auna ta, ya ce ba ta iya tafiya. Sau da yawa yana tambayata, 'To abin yana ratsa majinar?' Shekaranjiya na ce masa ya ratsa. Murna nake, Yallaɓai. Ban lura da fuskarsa ba."

Suka tafi tare a motar Insifekta. Sun sami Malam a zaure shi kaɗai, ɗalibai duk suna gona. Dogo ne, ya rame kamar shi ne mara lafiyar.

"Allah gafarta Malam, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi ƙwarai. Ta ma warke."

Daga cikin gida tari ya taso, mai tsawo, irin wanda sai mai sauraro ya gaji kafin mai yi. Malam ya ƙura wa tabarma ido.

"Jiya bayan La'asar kana ina?"

"Ina nan, ina rubutu."

Alluna na jingine a bango, duk sun yi fari-fari saboda wanki. Ɗaya ne aka juya fuskarsa. Insifekta ya yi bisimilla ya juyo shi. Daga sama har ƙasa ya rine ja, ja mai haske da ba a san shi a tawada ba.

"Malam, da me ka wanke wannan rubutun?"

Dakta ta dafe ƙirji.

"Ta sha?"

"Jiya da yau." Malam ya juyo wajenta. "Tun bazara nake mata rubutu, 'yata. Na ba ta na kemis, na ba ta saiwa. Da kika ce majina ce take tare magani, sai na ce ashe shi ya sa. Na ce tunda abin naki yana ratsawa, bari in wanke ayoyin da shi, ya kai su inda ciwon yake. Da na roƙa, da kin ce ba a gama ba. Ita kuma ba za ta jira a gama ba."

"Malam, babu magani a ciki. Rini ne."

Malam ya dubi jan allon.

"Rini," ya ce a hankali. "Na sa an ci mutuncin Ɗanliti a kan rini."

Dakta ba ta tsaya sallama ba, ta shige cikin gida. Da ta fito ta ce, "Yanzu za a kai ta babban asibiti. Ina zargin tarin tibi ne, kuma wannan yana da magani tun tuni, ba sai an jira ni ba."

Insifekta Kamaruddeen ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya bar ta a nan.

"Malam, ka buɗe ɗakin da ba naka ba, dole ka bi ni ofis. Amma motar ɗaya ce, asibiti za mu fara. Shiga ka ɗauko ta."

Malam Ja'afaru ya fito da Aina'u a hannu, lulluɓe da zane, ba ta fi nauyin damin kara ba. Da aka kwantar da ita a baya, ta buɗe ido.

"Malam, ina za mu?"

Malam ya dubi Insifekta. Insifekta ya tayar da mota.

"Asibiti, Inna," ya ce. "Malam rakiya ya yo."