Sunan Uban Riƙo

Allah Mai hikima Yakan haɗa bayinSa a inda ba su yi zato ba. Ummukulthum ta fara ganin Mansur ne wata Litinin da hantsi, a shagon kwamfuta da ke Kinkinau, sa'ad da ta dire takardunta a kan teburinsa da ƙarfin da ya wuce kima.

Ya ɗago ya ce, "Malama, a yi haƙuri, teburin nan bai yi miki laifin komai ba."

Ba ta yi dariya ba. Karo na biyu ke nan jami'a ta ba ta gurbin karatun haɗa magunguna a Zariya. Bara gurbin ya kuɓuce mata saboda rashin kuɗin rajista, bana kuwa mako uku aka ba ta.

Ta ce, "An ce kai kake nemo wa ɗalibai tallafi."

Ya buɗe mata shafi bayan shafi. Wannan tallafin sai wanda ya riga ya yi rajista. Wannan rancen sai mai katin ɗalibi. Wancan na wani kamfani sai ɗan aji biyu.

Ta ce, "Wato sai na shiga ɗaki kafin a ba ni mabuɗinsa?"

Ya yi murmushi, ita ma nata ya suɓuce ba da son ranta ba. Suka haɗa ido, kowa ya sunkuyar da kai kamar yadda tarbiyya ta koyar.

A zuwanta na uku ya ce, "Akwai Gidauniyar Hajiya Ladidi, suna biyan komai tun daga rajista. Amma ta marayu ce kawai."

Ta ce, "Ai ni marainiya ce."

Ya dubi takardunta, duk an rubuta Ummukulthum Ashiru. Sai ta yi masa bayani. Mahaifinta Nuhu direba ne, ya rasu a haɗarin mota kusa da Rigachikun tana da shekara biyu. Ƙaninsa Malam Ashiru, tela a Unguwar Kanawa, shi ya riƙe ta, shi take kira Baba. Allah bai ba shi haihuwa ba, shi da matarsa Inna Hansai.

Mansur ya ce, "To ga matsalar. A takarda ubanki yana raye. Sai Baba ya je kotu ya yi rantsuwa cewa ke 'yar Nuhu ce, a haɗa da shaidar rasuwa, a mayar da sunanki Ummukulthum Nuhu."

Da wane baki za ta gaya wa Baba a cire sunansa?

Kwanaki suka yi ta tafiya ba ta furta ba. Abin da ke ƙaruwa kawai shi ne saƙonnin Mansur.

"Assalamu alaikum, sanyin idona. Kin yi wa Baba maganar? Saura kwana tara a rufe."

"Wa alaikumus salam, mai kwamfuta. Na buɗe baki sau uku, sau ukun ina ƙarewa da 'sannu da aiki'. Kuma wa ya ba ka izinin wannan sunan?"

"Zuciyata ce ta ba ni. In Baba ya yarda zan turo magabatana su nemi izini na gaskiya."

Ta karanta wannan saƙo ya fi sau goma, tana mai da wayar ƙarƙashin filo tana sake ɗaukowa.

To, akwai wani Shamsuddeen mai shagon yadi, wanda Baba ke sayen kaya a wurinsa. Ya daɗe yana nuna yana son Ummukulthum, ita kuwa gaisuwa kawai take amsa masa, domin ya sha cewa karatun mace iyakarsa sakandare. Wata rana ya shiga shagon Mansur yin kwafin wata takarda, ya tarar da fom ɗin gidauniya a kan tebur da hotonta a jiki. Mansur ya buga shi ne don ta ga yadda zai kasance. Shamsuddeen ya ɗauki hotonsa da waya, ya zarce shagon Baba.

Bayan la'asar Baba ya shigo gida, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Bai ɗaga murya ba.

"Ummu, zo ki karanta mini sunan nan."

Ta dubi wayarsa, ga hoton fom ɗin da Shamsuddeen ya tura masa, an rubuta Ummukulthum Nuhu.

Ya ce, "Shekara goma sha bakwai. Ni na goya ki zuwa asibiti da kika yi ƙyanda. Yau wani yaro da bai san ranar da kika fara tafiya ba ya goge ni da yatsa ɗaya. Kada in sake jin kin taka shagon nan. Maganar magabatansa da Innarki ta soma yi mini kuwa, a bar ta a inda take."

Inna Hansai ta ce, "Malam, ka saurare ta mana."

"Me zan saurara, Hansai? Ai takarda ta gama magana."

Ummukulthum ta shige ɗaki tana huci, ta rubuta:

"Na amince maka da sirrin gidanmu, ka tura fom ba da sanina ba, har ka bar shi a fili kowa yana gani. Allah Ya isa ban ce ba, amma kada ka sake nemana."

Amsa ta zo nan take:

"Wallahi ban tura ba, Ummuna. Sakacin barinsa a kan tebur nawa ne, ki yafe mini. Ba zan taɓa shi ba sai da izinin Baba, ko da za a rufe."

Ta kife wayar. Takaici ya taru ya yi mata yawa. Ga maki ta ci, ga gurbi an ba ta, ga tallafi a bakin ƙofa, amma ba za ta kai gare shi ba sai ta taka zuciyar mutumin da ya raine ta. Shamsuddeen ya aiko cewa shi zai ɗauki nauyinta in ta haƙura da jami'a ta koyi ɗinki. Ta ce wa Inna a mayar masa da godiya, a gidan tela ta tashi.

Ranar Laraba, saura kwana biyu a rufe, ta sami Baba a zaure yana datsa yadi. Ta durƙusa, ta ajiye takardar gurbinta kusa da keken ɗinkinsa.

"Baba, na haƙura. Bara ma ban mutu ba. Karatun da zai sa ka ji na canza uba, ba na son sa."

Ta tashi ta shige. Tana jin almakashin ya tsaya, bai sake motsi ba har aka kira magariba.

Washegari bayan sallar asuba ya kira ta. A gabansa akwai tsohuwar adakar da ba ta taɓa ganin an buɗe ba. Ya fito da takardar haihuwarta, da shaidar rasuwar Nuhu, da lasisinsa na tuƙi mai hoton fuska irin tata sak.

Ya ce, "Ranar da na kai ki firamare, hedimasta ya tambayi sunan uba. Kina riƙe da ɗan yatsana. Bakina ya riga hankalina, na ce Ashiru. Liman ya same ni tun a wancan lokacin, ya tunatar da ni cewa umarnin Allah ne a kira ɗa da sunan mahaifinsa. Na ce masa zan gyara gobe. Yau shekara goma sha uku ina cewa gobe." Ya share ido da gefen babbar rigarsa. "Yayana ya bar abu ɗaya a duniya, ni kuma na rubuta sunana a kai. Yaron nan bai goge ni ba, ni na goge Nuhu. Ɗauko hijabinki."

Ba su sami sauƙi ba don sun yi niyyar alheri. Ranar Alhamis a layin kotu ta ƙare, Baba yana tsaye cikin rana yana tasbihi, ita tana cizon leɓe. Sai gab da tashi daga aiki aka buga musu hatimi. Ranar Juma'a da safe Baba da kansa ya yi sallama a shagon Kinkinau. Mansur ya zabura ya durƙusa har ƙasa.

Baba ya ce, "Kai ne mai goge sunan mutane?"

"Baba, ga shi nan yadda na bar shi. Ban tura ba."

Baba ya sa tabarau ya duba da kyau, ya ga gaskiya ne. Ummukulthum ta kasa haɗa ido da Mansur don kunya.

"To tura."

Aka danna, shafin ya ƙi buɗewa. Aka sake, wuta ta ɗauke. Janareto ya yi tari sau huɗu ya mutu. Ana rufewa da sha biyun rana, ga shi sha ɗaya da rabi ta gota. Ummukulthum ta ce, "Ni dama na sani," hawaye suka zubo mata. Baba ya tuɓe babbar rigarsa, ya ce wanda ya shekara talatin yana lallashin keken ɗinki ba janareto ne zai gagare shi ba. Ya ja igiya, injin ya tashi. Saura minti shida fom ɗin ya shige.

Baba ya mayar da rigarsa, ya ce, "Ka ce wa magabatanka ina gida bayan sallar Juma'a. Sharaɗina ɗaya ne, sai ta gama karatunta ko da a ɗakinka."

Da yamma saƙo ya shigo mata:

"Yanzu na sami izinin sunan, sanyin idona?"

"Ka samu. Amma ka riƙa kife takardun mutane, mai kwamfuta."

Gidauniya ta ɗauke ta. A hutun ƙarshen shekararta ta farko aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Da liman ya tambayi sunan amarya, Malam Ashiru ne ya amsa, da muryar da ta kai har sahun baya.

"Ummukulthum 'yar marigayi Nuhu. Ni ƙaninsa Ashiru, ni na raine ta, ni ne waliyyinta, kuma na ba da ita."

Daga cikin gida ta ji shi ta lasifika, ta kifa kanta a cinyar Inna Hansai ta yi kuka mai daɗi.

Allah Ya jiƙan Nuhu, Ya saka wa Ashiru da Hansai da maƙwabtakar ManzonSa, Ya sanya albarka a auren Mansur da Ummukulthum, Ya kuma amfanar da al'umma da ilimin da ta je nema. Amin.