Daɓen Bayan Gidan Mama Nofezile

Sufeto Mandisi Tyali bai kai ga kurɓar shayinsa ba, Sajan Bulelwa ta leƙo ofis, idanunta a waje.

"Yallaɓai, daga unguwar Nkanini ne. Masu ɗora tankin sola sun tono mutum."

"Mai rai ko gawa?"

"Ƙasusuwa ne. Har da takalminsa."

Tun shigowar sanyi gwamnati ta sa aikin nan a gaba. Kowane gidan talaka a yi masa silin, a ɗora masa tankin da rana ke ɗumama ruwansa, a ja masa famfo, duk kyauta. Mandisi a irin waɗannan gidaje ya tashi, ya san azabar wanka da ruwan sanyi a watan Yuli, tsakiyar hunturu a nan garin Komani. Duk lokacin da ya ga tankunan suna ƙyalli a kan kwano, daɗi yake ji.

Gida ɗaya ne kawai a layin ba tanki a kansa, kuma a ƙofarsa jama'a suka yi cincirindo.

A bayan gidan akwai daɓen siminti, diga ta fasa gefensa. Mandisi ya tsuguna ya leƙa ramin. Ya ga gawa iri-iri a aikinsa, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. An naɗe mamacin da buhunan siminti kamar kayan sayarwa. Ƙasusuwan yatsunsa na dama sun dunƙule a kan guntun wayar wuta. Ƙasan takalmin hagu kuwa ya narke, ya yi rami.

"Kira likita," ya ce da Bulelwa. "Kada kowa ya taɓa komai."

A cikin ɗaki ya sami mai gidan, Mama Nofezile, tsohuwa ƙarama lulluɓe da bargo. Wani dattijo mai furfura na zaune kusa da ita yana firfita mata shayi. Ya miƙe ya gabatar da kansa: Tata Velile, wato Baba Velile a yarensu, maƙwabci, shugaban kwamitin layi, kuma dattijon coci.

"Sannu, Mama. Ke da wa kuke zaune a nan?"

"Ni kaɗai, ɗana. Yarona Lunga yana Johannesburg, neman aiki."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a sa mana mitar wuta. Na je jana'iza ƙauye, na dawo na tarar ya tafi. Ko sallama babu. Yaran yanzu!"

"Yana kiran ki?"

"Tata Velile yake kira. Ni kunnena ya yi nauyi. Kunya yake ji, wai sai ya samu abin kirki zai dawo." Ta dubi dattijon. "Ko ba haka ya ce ba?"

"Haka ya ce, ko a Kirsimetin da ta wuce," in ji Velile. "Sufeto, ai nan duk gonar Bature ce a da. Kabarin wani lebura ne aka tono, Allah ya ji ƙansa."

"Wa ya yi daɓen?"

"Ni ne. A kan ƙasa na zuba shi, ban tona ko taki ɗaya ba."

"Ba ni lambar Lunga."

"Kash! An sace min wayar a motar haya."

Mandisi ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Har ya kai ƙofa, sai ya juyo.

"Mama, Lunga yana da wata alama a jiki?"

Ta ɗan yi dariya. "Ƙwallo ta karya masa ƙafa, aka sa masa ƙarfe a ƙauri. Idan sanyi ya shigo haka, sai ya yi ta mita." Dariyar ta tsaya. "Me ya sa kake tambaya?"

"Aiki ne, Mama. Kowa muna tambaya."

Shugaban ma'aikatan, wani ƙato mai suna Mawethu, yana jingine da motarsu yana zuƙar taba.

"Me ya sa wannan gidan ya zama na ƙarshe?" Mandisi ya tambaye shi.

"Bututu ne ya ƙare mana, yallaɓai."

Bulelwa ta ɗaga tamfol ɗin bayan motar. Bututu ne jibge, har da wanda ba a kwance ba.

"Malam Mawethu," in ji Mandisi, "ko ka faɗa min a nan, ko ka faɗa min a caji ofis. Can kuma ba silin."

Mawethu ya yar da tabar ya take ta.

"Dattijon nan ne. Tun ranar da muka shigo layin ya ce mu tsallake gidan, wai tsohuwar ba ta so. Muka tsallake. Ashe ƙarya ne. Rannan sai ga ta da sandarta, ta tsaya tsakiyar titi tana cewa ita ba 'yar ƙasa ba ce? Ita ba ta jefa ƙuri'a ba? Har yara na yi mana dariya."

"Sai kuma me?"

"Sai ya dawo da kwalbar giya, ya ce to mu bi da bututun ta gaban gida, kada mu taɓa daɓen, wai aikin hannunsa ne. Na karɓa, ba zan ɓoye ba."

"Amma ka fasa daɓen."

"Ita ta kafe sai a baya take son famfonta. Yau da safe ya tafi asibiti karɓo maganin hawan jini, na ce yara ku yi sauri kafin ya dawo. Wallahi da na san abin da ke ciki, da ko kallon gidan ban yi ba."

Likita ta gama dubawa, ta ja Mandisi gefe, ta sassauta murya.

"Namiji ne, matashi. Ba harsashi, ba alamar sara. Amma dubi hannun, dubi takalmin. Wutar lantarki ce ta shiga ta nan ta fita ta can." Ta nuna masa ƙashin ƙauri da ta share wa ƙasa. Ƙarfe ne ɗaure da ƙusoshi.

Mandisi ya juya ya dubi gidan. Ta tagar ɗaki yana jin muryar tsohuwar tana cewa a ƙara wa baƙi shayi.

Ya ɗaga kai yana bin bakin kwano da ido. Can ƙarƙashin rufin, a jikin wata tsatsattsiyar ƙusa, ga ragowar waya irin ta hannun mamacin. Ya taka bokiti ya leƙa ta kan shingen langa-langa. Irin ƙusar ce a bangon Velile, wata kuma a jikin bishiyarsa, suna jere har zuwa turken wutar da ke bakin titi.

Ya aika Bulelwa ta kira dattijon zuwa bayan gida.

Velile ya zo, amma ya ƙi kallon ramin.

"Tata, ka ce Lunga ya kira ka da Kirsimeti?"

"Ƙwarai."

"Daga ina? Daga nan ƙasa?"

"Ban gane ba, ɗana."

"Ka ce kabarin zamanin gona ne. Leburan gona a buhun siminti ake binne su? Ka ce ba ka tona ba. Wa ya sa buhunanka a ƙarƙashin daɓenka? Ka hana a ba tsohuwa ruwan zafi na kyauta, kai da kake kawo mata burodi. Matso ka ga ƙarfen ƙafarsa."

Velile ya yi taku ɗaya ya tsaya. Ya zube a kan bulo.

"Alheri na yi nufi," ya ce. "A waccan shekarar sanyi ya kashe tsofaffi a layin nan. Risho ya ƙone gida biyu. Ni na hau turke na jawo wa mutane wuta, kowa ya sa hita. Ita ma na jawo mata."

"Ci gaba."

"Ranar an yi ruwa. Wayar ta saki ta faɗo kan shinge. Yaron ya fito zai gyara. Ina cin abincin rana na ji ƙararsa. Na zo da guduna na tsinke wayar da gatari."

"Ya riga ya mutu?"

Velile ya rufe fuska da tafukansa.

"Tata, ya mutu ko bai mutu ba?"

"Yana numfashi. Ya dube ni, ya ce Tata."

Bulelwa ta dafe baki.

"Me ya hana ka kiran motar asibiti?"

"Na ce idan suka zo, 'yan sanda za su biyo baya, su ga wayoyin. Na ce bari in fara naɗe su tukuna, yanzun nan zan dawo. Na bi gida-gida ina naɗewa. Da na dawo..." Ya girgiza kai. "Daga nan tsoro ya kama ni. Na tona, na sa shi. Washegari na ce zan yi wa Mama daɓe kafin ta dawo daga ƙauye. Mutanen layi suka taya ni ɗebo yashi. Har sa min albarka suke yi."

Mandisi ya ƙura masa ido. Ya taɓa kama masu kisa da wuƙa, da masu kisa da bindiga. Bai taɓa kama wanda ya bar yaro yana kiran sunansa ya tafi naɗe waya ba, sannan ya shekara da shekaru yana kai wa uwarsa gaisuwarsa.

"Velile," ya ce, ya ajiye Tatan a gefe, "na kama ka da laifin jawo mutuwar Lunga Dyani da ɓoye gawarsa. Sajan, sa masa ankwa."

Sai da suka juya suka gan ta. Mama Nofezile tana tsaye a ƙofar baya, dogare da sandarta, bargon ya zame ƙasa. Ba wanda ya san tun yaushe take wurin, ko nawa kunnenta ya kama. Amma ta ga ankwar, ta ga ƙashin da likita ta share.

"Nofezile," in ji Velile, "ki yafe..."

Ba ta ko dube shi ba. Bulelwa ta tasa shi gaba. Jama'ar da ke ƙofa suka dare gida biyu, har aka rufe shi a bayan mota.

Tsohuwar ta tako a hankali ta tsaya a bakin ramin. Mandisi ya cire hularsa, ya miƙa hannu zai riƙe ta, ta ƙi.

"Ɗana," ta ce, "ka ga gefen nan da bai fashe ba? Nan rana take fara sauka da safe. Kullum nan nake ajiye kujerata, in roƙi Allah ya nuna min inda yaron nan yake."

Mandisi ya ja da baya ya ba ta wuri.

Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗora tafin hannunta a kan simintin.

"Lunga," ta ce, "ga ni."