Na'ura Biyu Kawai

"Ba lalacewa ta yi ba, Hamdiyya. Cire ki aka yi."

Na kalli Sallau mai gyaran rediyo a kasuwar Yelwa kamar in shaƙe shi.

"Cire ni? Daga ina?"

Ya jujjuya 'yar na'urar jin waƙar da Zulkiflu, wanda aka sa mana rana bayan Sallah, ya kawo min tsaraba daga Kaduna. Waƙa arba'in a ciki, duk sun yi gum.

"Waƙoƙin nan a kulle suke zuwa," in ji Sallau. "Kamfanin bai yarda a kwafa ba, ko kai ka saya. Na'ura biyu kawai ya yarje wa mai su. In zai sa wa ta uku, dole ya cire ɗaya."

Tir! Ka sayi abinka, wani ƙato can ƙasar waje ya zaɓa maka kunnen da zai ji? Amma ba wannan ya tsaya min a wuya ba. Ranar Laraba Zulkiflu ya karɓi na'urata, wai zai ƙara min sababbi a kwamfutarsa.

A bakin ruwa na same shi yana jiran jirgin Wara. Gefensa Zulai'atu ce, 'yar baffana, wayar abin jin waƙa ta sulalo daga ƙarƙashin gyalenta, tana ta kaɗa kai.

Yana hango ni ya miƙe tsaye.

"Hamdiyyata... hasken idona..."

"Rufe min baki!"

"Ki saurare ni, masoyiya. Laifin kamfanin ne. Da sun bar mutum ya kwafa, ai da duk kun samu..."

"Duk mu samu?"

Zulai'atu ta zare wayar a hankali, ta kau da kai wajen ruwa.

"Roƙona ta yi, Hamdiyya. Kunya na ji..."

"Na'ura biyu ce, Zulkiflu. Taka da tawa." Na matsa kusa da shi. "Me ya hana ka cire taka?"



Na ajiye masa abarsa kan kwandon busasshen kifi, na juya.

A tsakar gida na tarar da Inna, wadda da ma ba ta taɓa yin na'am da shi ba.

"Inna, a mayar musu da kayan sa rana."

Ba ta tambaye ni dalili ba. Miƙewa kawai ta yi ta ɗauko mayafinta.